Tallafin talaka da alhakin kamfani a Amurka: wa ake tuhuma, kuma yaushe?

Tambaya: Malam, ina bin siyasar Amurka, kuma kullum sai in ji ana jayayya a kan abu guda. 'Yan Republican suna cewa tallafin gwamnati yana mayar da talaka cima-zaune, kowa ya tashi ya nemi na kansa. Irin su Sanata Bernie Sanders kuma suna cewa ai manyan kamfanoni ne ke lashe tallafin, kuma in sun yi ɓarna ba a hukunta su. Wa ke da gaskiya? Akwai ma alaƙa tsakanin maganganun biyu, ko dai kowa kauce wa tambayar ɗan'uwansa yake yi?

Amsa: Malam, alaƙar tana nan, ita ce ma gundarin maganar. Ni dai ba ni da ja a kan cewa baligi mai lafiya ya tashi ya nemi na kansa, kuma ba na jin akwai al'ummar da za ta ɗore in ta yar da wannan. Inda nake da ja shi ne wajen awon alhakin, domin a Amurka mudu biyu ake aunawa da su. Talaka ana tuhumarsa tun kafin a ba shi ko sisi: ya kawo shaidar yana aiki, ya cike fom, ya sake cikewa bayan 'yan watanni, in ya makara a yanke. Kamfani kuwa sai ya gama ɓarnar, an shafe shekaru a kotu, sannan a yi sulhu ya biya tara daga asusun kamfanin, galibi ba tare da wani babba ya kwana a gidan yari ba.

Da farko a san abin da ake kira tallafin. Da yawa a nan gida sun ɗauka cewa a Amurka in ba ka da aiki gwamnati za ta riƙa aiko maka da kuɗi kana kwance. Ba haka abin yake ba. Mutum mai lafiya wanda ba shi da yara a gabansa, kusan babu tsabar kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba shi, in ka cire inshorar rashin aiki ta 'yan watanni ga wanda ya yi aiki aka sallame shi. Abin da ake rigima a kai shi ne katin sayen abinci da ake kira SNAP, wanda a 2025 mutum kimanin miliyan 42 ke amfani da shi, kuma in ka raba ya kama kimanin dala 6 a rana ga kowane mutum. Ba a sayen giya ko taba da shi, ba a ma sayen sabulu. Sai Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, wadda a 2025 take ɗauke da mutum kimanin miliyan 70, da yawansu yara ne da tsofaffi da naƙasassu. Tsabar kuɗin da ake ba iyalai masu yara, wato TANF, shi ne ƙarami a cikinsu, masu karɓarsa yau ba su kai miliyan 3 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 330.

Tallafin tsabar kuɗin ya faro ne a dokar 1935 ta zamanin Franklin Roosevelt, kuma waɗanda aka fi nufi da shi a lokacin matan da mazajensu suka mutu suka bar musu marayu ne, domin su zauna gida su yi reno. Babu wanda ya ga laifin hakan. Da aka shiga shekarun 1960, masu karɓa suka ƙaru, aka sami zawarawa da waɗanda suka haihu ba aure, sannan baƙar fata da a da jihohin kudu ke hana su suka fara samun shiga. Daga nan launin muhawarar ya sauya. A yaƙin neman zaɓen 1976 Ronald Reagan ya riƙa ba da labarin wata mata a Shikago mai sunaye 80 da adireshi 30, wadda ya ce tana samun dala 150,000 ba haraji. Matar ta wanzu, sunanta Linda Taylor, kuma ƙwararriyar 'yar damfara ce. Sai dai kuɗin da aka gurfanar da ita a kansu, aka kuma same ta da laifi a 1977, ba su kai dala 9,000 ba. Ba ta yi kama da sauran masu karɓar tallafi ta kowace fuska ba, amma hotonta ne ya zauna a zukatan masu zaɓe har tsawon shekara ashirin.

Wannan hoton ne ya haifi dokar 1996, wadda ta kafa TANF. Bill Clinton, ɗan Democrat, shi ya yi alkawari a 1992 cewa zai kawo ƙarshen tsarin tallafin yadda aka san shi. 'Yan Republican ƙarƙashin Newt Gingrich suka karɓe Majalisar Wakilai a zaɓen 1994, suka aika masa da ƙudurin sau biyu yana hawa kujerar na-ƙi, a karo na uku ya sa hannu ranar 22 ga Agustan 1996. Dokar ta ce ba za a ba iyali kuɗin tarayya fiye da shekara biyar ba a duk tsawon rayuwa, ta ɗora sharaɗin aiki, sannan ta mayar da kuɗin dunƙule guda, dala biliyan 16.5 a shekara, a raba wa jihohi su sarrafa. Manyan jami'an gwamnatinsa uku, Peter Edelman da Mary Jo Bane da Wendell Primus, suka ajiye aiki don nuna rashin yarda.

A nan dole a ba masu ra'ayin riƙau haƙƙinsu, domin tsohon tsarin yana da aibi na gaske. Uwa in ta sami aiki, bayan 'yan watanni kusan duk dalar da ta samu sai an zabge kwatankwacinta daga tallafinta, kuma tana iya rasa inshorar lafiyar 'ya'yanta. In ta yi aure ma tallafin na iya tsayawa. Wanda ya ce irin wannan tsarin yana karya gwiwar neman aiki bai yi ƙarya ba. Kuma bayan dokar, bala'in da 'yan adawa suka yi hasashe bai auku nan take ba. Masu karɓar kuɗi, da suka kai miliyan 14 a 1994, sun ragu da fiye da rabi kafin 2000. Iyaye mata masu riƙon 'ya'ya su kaɗai suka shiga aiki da yawa, talauci tsakanin yaran baƙar fata ya sauka ƙasa fiye da duk yadda aka taɓa ƙididdigewa zuwa lokacin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wasu abubuwa biyu sun zo tare da dokar. Tattalin arziki yana ta bunƙasa, rashin aikin yi ya sauko zuwa kashi 4 cikin 100 a 2000, ko'ina ana neman ma'aikata. Sannan a 1993 an faɗaɗa EITC, wani rangwamen haraji da ke ƙara wa ƙaramin ma'aikaci kuɗi a kan albashinsa. Masana har yau suna jayayya a kan kason kowanne, amma da wuya ka sami mai bincike na ƙwarai da zai ce dokar ce kaɗai ta yi aikin. Gwajin gaskiya ya zo a karayar tattalin arzikin 2008. Masu katin abinci sun tashi daga miliyan 26 a 2007 zuwa miliyan 47 a 2013, TANF kuwa da ƙyar ya motsa. A 1996, cikin kowane iyali 100 matalauta masu yara, 68 suna samun tsabar kuɗi. A 2020 sun koma 21. Dala biliyan 16.5 ɗin nan kuma ba a ƙara mata ko kwabo ba tun 1996, hauhawar farashi ta cinye kusan rabin darajarta.

To ina kuɗin suke tafiya? A nan ne maganarka ta alaƙa ta fara fitowa fili. Dokar da ta ɗaure talaka da sharuɗɗa ta sakar wa gwamnatocin jihohi mara. Abin da ke isa hannun iyalai a matsayin tsabar kuɗi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani ɓangare yana tafiya wajen renon yara da horar da ma'aikata, wanda ba laifi ba ne, wani kuma ana toshe giɓin kasafi da shi. Misisipi, wadda ke cikin jihohi mafi talauci, ita ta kai abin maƙura. A 2016 masu neman tallafin da aka amince wa a jihar ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma iyali mai mutum uku dala 170 yake samu a wata. Ana cikin haka, a 2020 babban mai binciken kuɗin jihar, Shad White, ya bankaɗo yadda aka karkatar da kuɗin, daga baya bincike ya ƙiyasta su a dala miliyan 77. Dala miliyan 5 sun tafi ginin zauren wasan ƙwallon raga a wata jami'ar jihar, dala miliyan 1.1 kuma aka biya tsohon ɗan wasa Brett Favre. Shi ya mayar da kuɗin, ya ce bai san na talakawa ba ne, kuma ba a tuhume shi da laifi ba. Shugaban hukumar jin ƙai na jihar, John Davis, ya amsa laifinsa a 2022. Shekaru ana tsare ƙofa kada uwa mai yara biyu ta ci dala 170 ba bisa ƙa'ida ba, ashe ɓarayin suna cikin ofis.

Yanzu ga hujjar su Sanders. A 2020 ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoton da Sanders ya nema. Ya nuna cewa cikin manya masu albashi da ke kan SNAP ko Medicaid, kimanin kashi 70 cikin 100 cikakken aiki suke yi, awa 35 ko fiye a mako. A jihohin da aka sami bayanansu, Walmart da McDonald's suna sahun gaba cikin wuraren da waɗannan mutane ke aiki. Yi lissafin da kanka: mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, ba a taɓa shi ba tun Yulin 2009. Wanda ya yi awa 40 kowane mako, shekara cur ba hutu, zai tashi da dala 15,080. Jihohi da yawa sun ɗaga nasu, manyan kantuna ma yanzu suna biyan fiye da haka, amma a kusan jihohi 20 wannan adadin ne doka. A 2013 hoton wani reshen Walmart a Canton ta jihar Ohayo ya karaɗe ƙasar: an jera robobi a bayan kanti, an rubuta cewa ma'aikata su saka abincin gwangwani don abokan aikinsu mabuƙata su sami na bikin godiya. A shekarar dai kamfanin da kansa ya ce kusan kashi 18 cikin 100 na kuɗin katin abincin ƙasar a kantunansa ake kashe su.

Hujjar tana da daɗin faɗa: kamfani ya biya ƙaramin albashi, mai biyan haraji ya cike giɓin. Amma ina da gyara a kanta, kuma gyaran ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Walmart shi ne kamfanin da ya fi kowa yawan ma'aikata a Amurka, kimanin miliyan 1.6, saboda haka ko jerin masu ciwon kai aka yi zai fito a sama. Abu mafi muhimmanci kuma, tallafin da ake ba mutum ko yana aiki ko ba ya yi, ba ya taimakon mai ɗaukar aiki. Yana ma ƙara wa ma'aikaci ƙarfin cewa a'a. Wanda ya san yaransa ba za su kwana da yunwa ba yana iya ƙin aikin wulaƙanci ya jira wanda ya fi. Tallafin da ke gangarawa aljihun kamfani shi ne wanda aka ɗaure da sharaɗin aiki, domin yana turo mutane kasuwar ƙwadago a kan kowane farashi. Masanin tattalin arziki Jesse Rothstein ya nuna cewa wani kaso na EITC yana komawa ga masu ɗaukar aiki ta hanyar sassaucin albashi. Ka ga ke nan, duk lokacin da aka tsananta sharaɗin aiki ba tare da an taɓa albashi ba, ana ƙara mayar da tallafin talaka tallafin kamfani. Ƙudurin da Sanders ya gabatar a Satumban 2018, na a caji manyan kamfanoni harajin duk dalar tallafin da ma'aikatansu suka karɓa, masana da dama na ɓangarensa ma sun soke shi, don zai sa kamfani ya guji ɗaukar uwa mai yara. Bai zama doka ba. Sai dai wata guda bayan haka Amazon ya sanar da ɗaga ƙaramin albashinsa zuwa dala 15.

Akwai wani tarko da har yanzu yake nan, kuma gara ka gan shi kusa. Ɗauki uwa mai yara biyu, kashiya a kanti, wadda albashinta ya kai matakin da EITC ke fara raguwa. Manaja ya ce zai ƙara mata awanni. Kowace ƙarin dala da ta samu, kimanin santi 24 za su fita daga katin abincinta, santi 21 daga EITC, kusan santi 8 harajin albashi. Fiye da rabi ya tafi ke nan, ba a zo maganar kuɗin mai kula da yara na ƙarin awannin ba. In ƙarin ya tsallakar da ita wani layi, tana iya rasa tallafin reno gaba ɗaya a wata guda. Attajirin da ya fi kowa samu a ƙasar, kashi 37 cikin 100 ne ƙololuwar harajin tarayya a kan kuɗin shigarsa. In wannan matar ta ce wa manaja ta gode, ba ta so, mai kallo daga nesa zai ce lalaci ne, alhali lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne. Masu ra'ayin riƙau ne suka fi yawan nuna wannan matsalar kuma sun yi gaskiya, sai dai maganinta shi ne a riƙa janye tallafin a hankali, wanda ya fi tsada, kuma a nan ne sukan ja baya.

Mu juya ga kamfanoni. A Oktoban 2008 George W. Bush ya sa hannu a dokar ceto bankuna ta dala biliyan 700. Kamfanin inshora na AIG shi kaɗai an tanadar masa kimanin dala biliyan 180, kuma a Maris na 2009 aka ji ya raba garaɓasar dala miliyan 165, ga ma'aikatan sashen da ya jefa shi cikin ramin. Adalci a nan shi ne a faɗi cewa bankunan sun mayar da kuɗin har gwamnati ta ci riba, kuma da an bar su sun durƙushe, talaka ne zai fi kowa shan wuya. Ban ga laifin ceton ba. Abin da na ga laifinsa shi ne miliyoyin iyalai sun rasa gidajensu ana ce musu ai ku kuka sa hannu a bashin da ya fi ƙarfinku, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, alhali cikin manyan ma'aikatan bankunan da suka ƙulla bashin suka sayar, mutum guda ne sananne da ya shiga kurkuku, Kareem Serageldin na Credit Suisse, wata 30.

Na Wells Fargo ya fi nuna yadda alhaki ke gangarowa ƙasa. Shugabannin bankin sun ɗora wa ƙananan ma'aikata burin sayar wa kowane gida hajoji takwas, asusu da kati da sauransu, wanda ya gaza a matsa masa ko a kore shi. Ma'aikata suka shiga buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, abin da daga baya aka ƙiyasta zai kai miliyan 3.5. Da asiri ya tonu a 2016, sai bankin ya ce ai ya riga ya kori mutum 5,300, wato masu laifin ke nan. Sai da Sanata Elizabeth Warren da wasu suka tasa shugaban bankin, John Stumpf, a gaba a zauren majalisa, sannan ya sauka, aka ƙwace masa dala miliyan 69 na ladansa, daga baya aka haramta masa aikin banki. Wannan yana cikin 'yan lokutan da hukunci ya taɓa aljihun mai yanke shawara, kuma shi ya sa nake yawan kawo shi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Purdue Pharma. Kamfanin ya fito da ƙwayar kashe raɗaɗi ta OxyContin a 1996, shekarar da aka yi dokar tallafin, yana gaya wa likitoci cewa haɗarin kamuwa da jarabarta kaɗan ne. Da mutane suka fara mutuwa, Richard Sackler, ɗaya daga iyalin da suka mallaki kamfanin, ya rubuta a wani saƙon cikin gida na 2001 cewa a dira a kan masu shan ƙwayar ta kowace hanya, su ne masu laifi, su ne matsalar. Saƙon ya fito ne a ƙarar da jihar Massachusetts ta shigar. Ka lura, maganar kowa ya ɗauki alhakin kansa ce dai, amma a nan garkuwa aka yi da ita. A 2007 kamfanin da manyan jami'ansa uku suka amsa laifin yaudara wajen talla, aka ci su tarar sama da dala miliyan 600, babu wanda aka ɗaure. Cinikin ya ci gaba, iyalin suka kwashe sama da dala biliyan 10 daga kamfanin cikin shekara goma da suka biyo baya. A 2020 kamfanin ya sake amsa laifi. Suka nemi kotun fatarar kuɗi ta ba su kariya daga duk wata ƙara ta gaba alhali su kansu ba su yi fatara ba, sai Kotun Ƙoli ta rushe shirin a Yunin 2024 da ƙuri'a 5 da 4, aka koma aka ƙulla sabon sulhu na dala biliyan 7.4 a 2025. Wanda aka kama da 'yan ƙwayoyin nan a aljihu a kan titi kuwa, shari'arsa ba ta ɗaukar shekara ashirin.

Mutanen Kano sun san wannan salon. Pfizer ya gwada maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu. Sai a 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar, kamfanin bai amsa laifi ba, kuma iyalan ne aka ce su zo a yi musu gwajin ƙwayar halitta don tabbatar da cewa 'ya'yansu ne kafin a biya diyya.

Masu kare kamfanoni suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa dokar da ta raba dukiyar kamfani da ta mai hannun jari ita ta sa mutane ke yarda su zuba kuɗi a harkar da ba su da tabbas a kanta, in aka rushe ta jari zai gudu. Suna cewa tara mai nauyi tana faɗawa ne a kan masu hannun jari, cikinsu har da asusun fanshon malaman makaranta, da ma'aikatan da za a rage. Na yarda da duka biyun, kuma shi ya sa ba na ɗokin jin an ci kamfani tarar biliyoyi. Tarar da ta gaza ribar da aka ci kuɗin shiga kasuwa ce kawai, akawu ya riga ya saka ta a lissafi. Abin da ke sauya hali shi ne mutumin da ya sa hannu ya san cewa garaɓasarsa za a iya ƙwato ta, lasisinsa zai iya tafiya, kuma in akwai ha'inci shi za a gurfanar. Wannan ai ita ce ƙa'idar masu ra'ayin riƙau da kanta, an dai ɗora ta ne a kan mai kwat.

Ga yadda ake yi wa kowane ɓangare bincike kafin a ba shi. A 2011 jihar Fulorida, zamanin Gwamna Rick Scott, ta ce duk mai neman tallafin kuɗi sai ya yi gwajin ƙwaya, ya biya da kuɗinsa, in ya tsallake a mayar masa. Cikin wata huɗu aka gwada mutum 4,086, aka sami 108, wato kashi 2.6 cikin 100, kuɗin gwajin ya zarce abin da aka tsimin, kotu kuma ta soke dokar. Lokacin korona kuwa an raba wa 'yan kasuwa rancen kusan dala biliyan 800 a shirin PPP, a farko kusan bisa kalmar bakinsu, aka kuma yafe sama da kashi 90 cikin 100. An tsara shi ne don a riƙe ma'aikata, kuma ya ceci ƙananan sana'o'i da yawa. Amma a 2023 sufeto janar na hukumar da ta raba kuɗin ya ƙiyasta cewa sama da dala biliyan 200 na rancen korona iri biyu mai yiwuwa 'yan damfara ne suka kwashe.

Shin in an ba talaka kuɗi ba sharaɗi zai daina aiki? An gwada a 2021. Gwamnatin Joe Biden ta ɗaga tallafin yara zuwa dala 3,600 ga ɗan ƙasa da shekara shida, dala 3,000 ga na sama, ana biyan rabi wata-wata daga Yuli zuwa Disamba, har ga iyayen da ba su da albashi. Talaucin yara ya faɗo zuwa kashi 5.2 cikin 100. Sanata Joe Manchin, ɗan Democrat a lokacin, ya ƙi goyon bayan tsawaita shi ba tare da sharaɗin aiki ba, shirin ya mutu, a 2022 adadin ya koma kashi 12.4, ko da yake ƙarewar sauran tallafin korona ma ta taka rawa. Binciken da aka yi a kan watannin shidan bai ga iyaye sun bar aiki ba. Wasu masana a Jami'ar Shikago sun yi hasashen cewa in ya zama na dindindin iyaye miliyan 1.5 za su ajiye aiki, kuma wata shida ba ta isa ta ƙaryata su ba. Wannan ƙofar a buɗe take, duk wanda ya ce maka an rufe ta, ta kowane ɓangare, siyasa yake yi.

Sharaɗin aiki a kan inshorar lafiya kuwa an ga sakamakonsa. A 2018 jihar Arkansas ta ce wasu masu Medicaid su riƙa ba da rahoton awa 80 na aiki kowane wata, da farko ta intanet kaɗai, a shafin da ke rufewa ƙarfe tara na dare, a jihar da ƙauyuka da yawa ba su da intanet mai kyau. Cikin 'yan watanni mutum sama da 18,000 suka rasa inshora. Masu bincike na Harvard ƙarƙashin Benjamin Sommers suka bi sawu, suka tarar aikin yi bai ƙaru ba, kuma sama da kashi 95 cikin 100 na waɗanda dokar ta shafa dama suna aiki ko sun cancanci a ɗauke musu. Da yawa ba su ma ji labarin dokar ba sai da suka je karɓar magani. Alƙalin tarayya ya dakatar da ita a Maris na 2019.

Duk da haka, dokar da Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗauki wannan tsarin ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya: awa 80 a wata ga manya 'yan shekara 19 zuwa 64 da suka shiga Medicaid ta hanyar faɗaɗawar zamanin Obama, daga farkon 2027, ban da naƙasassu da masu ƙananan yara. Sharaɗin aiki na katin abinci ma an kai shi har shekara 64, an kuma haɗa da iyayen da ƙaramin ɗansu ya kai 14. A cikin dokar dai aka mayar wa kamfanoni rangwamen cire kuɗin injuna daga haraji gaba ɗaya a shekarar sayensu, na dindindin, ba tare da sharaɗin su nuna sun ɗauki ko ma'aikaci guda ba. Ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta cewa marasa inshorar lafiya za su ƙaru da miliyan 10 zuwa 2034. Magoya bayanta suna cewa an koyi darasi daga Arkansas, jihohi za su fara duba bayanan albashi da ke hannunsu kafin su nemi takarda daga mutum. In suka yi hakan da gaske, ɓarnar za ta ragu sosai, kuma a nan ne ya kamata ka sa ido in 2027 ta zo. Jojiya ce jihar da ta riga ta fara irin wannan tun Yulin 2023. Mutanen da suka shiga a shekarun farko 'yan dubbai ne, kuma GAO ya gano cewa kuɗin gudanar da shirin, wanda mafi yawansu kwangilar gina na'urar tantance mutane ce, sun ninka abin da aka kashe wajen yi wa marasa lafiya magani.